Taswirar Idon Ruwanmu

Ranar da Sumayyah ta fara zuwa ƙauyenmu, daga aji aka kira ni. Ni ce malamar aji biyar, kuma duk baƙon da ya zo da takarda, Asibi ake nema ta karanta. Na iske farar mota a ƙofar gidan mai unguwarmu, Baba Enoch, da wata mace mai gilashi zaune a benci, ta haɗe gwiwoyi kamar mai jiran likita. A gefenta wani dogon mutum, Mika'ilu, yana ware wani ƙarfe mai ƙafa uku. Ina ganin ƙarfen nan na ja na tsaya.

Mu Gbagyin bayan Kuje ba mu da abin tsoro irin ƙarfe mai ƙafa uku. A shekarun nan kuɗi sun yi wa Abuja yawa, gari yana ta cin gonaki, kuma duk inda 'yan safiyo, masu awon fili, suka kafa ƙarfen nan, kafin damina ta zagayo za ka ga siminti mai lamba a tsakiyar kunyar doyarka. Maƙwabtanmu na gabas da ƙafarsu suka raka irin waɗannan baƙin har bakin ƙoramarsu, suka ba su ruwa a ƙwarya. Yau ƙoramar tana cikin katanga, ana ɗura ta a leda ana sayar musu.

Sumayyah ta yi bayani a natse. Ta ce a da a ma'aikatar gwamnati take aiki, ta ajiye don ta riƙa shirya finafinan abin da ke faruwa a zahiri, ba na wasan kwaikwayo ba. Wata gidauniya ce ta ba ta tallafi ta yi fim a kan ruwan da mutanen karkara ke sha, yadda ake ɓata shi da yadda za a kiyaye shi, sannan a wayar wa 'yan makaranta kai. Ƙarfen kuwa, in ji ta, kyamara ake ɗorawa a kai. Ta miƙo min takardar tallafin, na karanta har ƙasa, domin na saba ganin abin da ke cizo can ƙasan takarda ake ɓoye shi. A nan na ga tamburan waɗanda suka zuba kuɗi a gidauniyar, guda biyar a jere. Na huɗun hoton maɓalli ne a gindin dabino. Na san shi sarai. Kullum ina wuce shi a ƙaton allo a hanyar Kuje, inda ake tallar gidajen da ko tushensu ba a haƙa ba.

"Hajiya, su waɗannan masu estet ɗin, masu sayar da gidaje, me ya haɗa su da ruwa?"

Ta karɓi takardar ta duba kamar yau ta fara ganinta. Ta ce masu ba da gudummawa ne kawai, ba ta taɓa haɗuwa da su ba, ita da gidauniya take hulɗa. Ta faɗa ido cikin ido, ko ƙiftawa ba ta yi ba, wannan kuwa ya ƙara ba ni haushi.

Baba Enoch ya yi mata murmushi, ya sa aka kawo mata gyaɗa, sannan ya juyo gare ni da yarenmu, murmushin na nan a fuskarsa. Ya ce kada a kore su, in an kore su za su dawo da 'yan sanda. A kai su rafin gada a ce shi ne ruwanmu. Bayan makaranta kuwa, ko fitsari kada a bari su je yi. A gaban dattawa ya ɗora min wannan aikin, na kuma karɓa ina hura hanci, domin a lokacin gani nake daga nan har Gwagwalada babu mai wayona.

Abin da ke bayan makaranta shi ne idon ruwanmu. Daga hanya ba abin da za ka gani sai duwatsu biyu da suka jingina da juna. Sai ka kutsa ta tsakaninsu ka gangara, sannan ka same shi a ƙarƙashin itatuwa. Ba a shiga wurin da takalmi, ba a kai sabulu, ba a sare ko da reshe, kuma tarwaɗar da ke ciki ba a taɓa ta. Masu zuwa coci da masu zuwa masallaci da masu bin na kakanni duk sun yarda da wannan, ko da a kan komai suna musu. Bai taɓa ƙafewa ba. Shi kuwa rafin gada, 'yan acaɓa ke wanke babura a ciki, masu bulo suna kwasar yashi, ledoji suna iyo. Akuya ma sai ta yi shawara kafin ta sa baki.

Mako uku muka yi muna wasan kwaikwayo a cikin fim ɗin da aka ce ba na wasan kwaikwayo ba ne. Na tara mata da tuluna a bakin rafin, suka ɗebi ruwan da za su je su zubar a bayan gida. Mika'ilu ya ce su ɗora a ka, wai ya fi kyau a hoto. Magdalene, maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya da linzami, ta ce masa mu a kafaɗa muke ɗaukar kaya, kai na tunani ne, in a garinsu ba a amfani da shi wannan matsalarsu ce. Sumayyah ta ba matan haƙuri, ta ce su ɗauka yadda suka saba. Ladabin nata bai sa na saki jiki ba, sai ma na ƙara sa mata ido.

Baba Enoch ya fi kowa iya wasan. Ya sa hularsa ta zuwa biki, ya zauna a gaban kyamara, ya ce tun zamanin kakansa wannan rafin kaɗai suke sha, ba su da wani ruwa a duniya bayan shi. Har muryarsa ta yi rawa. Ni na fassara, kalma da kalma. Da aka kawo fom ɗin da gidauniya ta ce duk wanda ya fito a fim sai ya dangwala, babu wanda ya yarda ya ba da yatsansa. Sumayyah ta yi ta lallashi, ta ce in babu shaidar amincewarmu ba za a sakar mata ragowar tallafin ba, ga shi ta riga ta bar aikin gwamnati. A ƙarshe aka daidaita a kan kowa ya faɗi sunansa a kyamara, ya ce ya amince kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Muka ga wannan da sauƙi, magana ce kawai, ba tawada.

Duk inda suka sa ƙafa ina biye. Da Mika'ilu ya so hawa tudu ya ɗauki hoton gari daga sama, na ce ƙudan zuma sun kashe jaki a can makon jiya. Da Sumayyah ta tsaya rubutu a littafinta, sai in matso in leƙa kamar mai neman inuwa. Ita ma fa ba makauniya ba ce. Wata rana da zafi ya yi zafi ta roƙi ruwa a gidana, na ɗebo mata daga randa ba tare da tunani ba. Ta ɗaga kofin ta dubi ruwan, ta sha.

"Malama, wannan ruwan daga rafin gada yake?"

"Muna sa masa alif," in ji ni.

Ta ce to, alif ɗinmu mai kyau ne. Na daɗe ina juya wannan "to" ɗin a raina.

A mako na uku ta zo da ɓangaren makaranta. Gidauniya ta shirya gasa tsakanin firamare shida: yara su zana inda ruwansu yake fitowa, da taswirar hanyar daga makaranta zuwa wurin. Makarantar da ta yi na ɗaya za a ba ta benci sittin. Ku da kuke karanta wannan a kan kujera ba za ku gane ba. Yarana arba'in da ɗaya a kan bulo da buhu suke zama, suna rubutu a kan gwiwa. Shekara huɗu ina rubuta takardar roƙon benci har hannuna ya san hanyar da kansa. Ga shi kuma a zangon nan ne na koya musu taswira, da arewa da kudu da yadda ake auna nisa da taku.

A nan wayona ya ƙare, ban kuma ji lokacin da ya ƙare ba. A kaina haɗari ƙarfe ne mai ƙafa uku, haɗari tawada ce a yatsa, haɗari baƙo ne mai tambaya. Takardar yaro mai fentin kala ba ta cikin lissafina. Na ɗauka za a zuba su a kwali, wasu gajiyayyun mata a ofis su duba, su zaɓi ɗaya, sauran a naɗe ƙosai da su. Na tsare duwatsu, na tsare tudu, na tsare bakin kowa a ƙauyen, sannan na raba wa yara takardu na ce kowa ya zana gaskiya, ya kuma yi da kyau.

Suka zana. Babu wanda ya zana rafin gada, don ba su san shi a matsayin ruwa ba. Wadda ta fi kyau ta Juliet ce, 'yar Magdalene. Ta yi itatuwan, ta yi tarwaɗa da gashin bakinta, ta yi takalma a jere a bakin dutse. Amma ta ajiye duwatsun a kudu da makaranta, alhali a arewa suke. Shekara goma sha shida ina koyarwa, hannuna ba ya iya ganin kuskure ya wuce. Na zaro jan biro na gyara. Na ja kibiya na rubuta arewa. Na rubuta taku ɗari huɗu daga bayan aji biyar, a bi tsakanin duwatsu biyu, a gangara hagu. Na duba na ji daɗi har cikin raina. Na ɗora ta a saman sauran, na rubuta a kai cewa wannan ce zaɓin makaranta, na miƙa wa Mika'ilu ambulan ɗin da hannuna ya sa a mota.

Bayan kwana biyar Sumayyah ta dawo ita kaɗai, ba kyamara. Ta jira aka tashi tara, ta shigo aji ta ajiye ambulan ɗin a kan teburina.

"Yara arba'in da ɗaya, Malama, duk wuri ɗaya suka zana. Kuma ba wurin da kika kai ni ba ne."

Na buɗe baki in ce tatsuniya ce suke zanawa, sai ta ɗaga hannu. Ta ce ba ta zo in kai ta ba, ba ta ma son ta san hanyar. Ta ce ta yi mako uku tana ɗaukar ƙarya, ta ji ciwon haka, amma da ta tuna tambayar da na yi mata ranar farko sai ta gane dalili. Ta dawo min da takardun ne don kada su kwana a ofishin kowa. Sai dai guda arba'in ne. Ta saman, wadda na rubuta zaɓin makaranta a kai, tun a ranar Mika'ilu ya kai ta gidauniya tare da na sauran makarantun, kafin ita ta buɗe ambulan ɗin. Ta je karɓowa, aka nuna mata inda ta sa hannu cewa duk abin da aka samar da kuɗin tallafin mallakar gidauniya ne.

"Nawa suka ba ki?" Abin da ya fito daga bakina ke nan.

Ta cire gilashinta ta goge da mayafi, ta daɗe tana gogewa. Ta ce in da sayarwa ta zo yi, da ba ta ɓata man motarta ta dawo da arba'in ba. Ta ba ni shawara in gaya wa dattawa yanzu, a bar ta ta ɗauki idon ruwan da matan da ke ɗiba, a sa a fim, duniya ta ga wurin yana da masu shi. Na ce a raina ga ainihin abin da ta zo nema ya fito, ta bi ta bayan gida ne kawai. Na ce mata babu wani idon ruwa, na gode da takardu, Allah ya kiyaye hanya.

Ban gaya wa Baba Enoch ba. Wannan shi ne abin da har yau ba ni da amsarsa in an tambaye ni. Kunya ce, da tsoro, da kuma fatan takardar za ta ɓace a cikin kwali kamar yadda takarduna na roƙo suke ɓacewa. Na ƙone arba'in ɗin a murhu, na riƙa kwantar wa kaina da hankali cewa manyan mutane ba su da lokacin zanen yara.

Muka yi na ɗaya. Babbar mota ta kawo benci sittin masu ƙamshin sabon katako, yara suna ta tsalle, iyaye suna sa min albarka. Tare da bencin aka kawo kalandar sabuwar shekara da gidauniya ta buga. A shafin farko ga zanen Juliet, ya fito raɗau, da sunanta da sunan makarantarmu, da jan rubutuna ko ɗigo bai ɓace ba. A ƙasa ga tambura biyar a jere. Na naɗe kalandar na tura ƙarƙashin katifa, sai ka ce guda ɗaya aka buga.

Ba a yi wata uku ba suka zo. Ranar Talata ce, ina tsakiyar darasin lissafi, na hango mota ta tsaya a bakin filin makaranta. Mutum huɗu suka fito da ƙarfe mai ƙafa uku, wannan karon na gaske. Ba su nemi gidan mai unguwa ba, ba su tambayi kowa hanya ba. Suka zagaya bayan ajina, ta tagar da nake tsaye, na gaba yana riƙe da shafin kalanda a ninke, yana tafiya yana ƙirga taku a ƙasan maƙoshi. Kafin la'asar akwai siminti mai lamba har guda huɗu kewaye da itatuwan, ga sawun manyan takalma har cikin ruwan.

Dattawa suka yi hayar mota suka je ofishin kamfanin nan mai tambarin maɓalli da dabino. Na bi su don fassara. Aka zaunar da mu a ɗaki mai sanyi, wani lauya mai fara'a ya ce an ba su filin bisa doka, kuma binciken da suka yi ya nuna babu mai amfani da ruwan wurin. Baba Enoch ya ce shi ne ruwan da muke sha tun kaka da kakanni. Lauyan ya ce, "Baba, yi haƙuri, ba haka ka ce ba," ya kunna talabijin ɗin da ke bango. Ga Baba Enoch da hular biki, yana faɗin sunansa, yana cewa ba mu da wani ruwa a duniya sai rafin gada, ga muryata a baya tana fassarawa. Muka kalla har ƙarshe, don babu wanda ya san yadda ake cewa a kashe.

Ko Sumayyah ta san haka za ta faru, ban sani ba. Ta kira ni sau da yawa a makon nan, ban ɗauka ba. Wasu ranakun ina ganin ta cuce mu da ladabi, wasu ranakun ina tuna ita kaɗai ce ta faɗa min abin da ya kamata in yi tun da sauran lokaci.

Da muka dawo aka kira taron gari. Wani ɗan acaɓa ya samo kalandar a Kuje, tana ta yawo hannu zuwa hannu. Yawancinsu ba sa karatu, amma an gaya musu sunan da ke ƙasan zanen. Nan take aka juya kan Magdalene. Aka ce ta sayar da mu, aka ce dama an ga tana yawan wasa da mai kyamara, wani ya ce a duba ɗakinta. Matar da ba ta taɓa rasa amsa ba ta tsaya tana rantsuwa ba ta san komai ba. Na bari aka yi ta, na kai minti goma ina kallon ƙasa, ina jin tausayinta da tausayin kaina, na kaina ya fi yawa. Sai da wata tsohuwa ta ce kada a ƙara barin Magdalene ta ɗebi ruwa tare da mata, sannan na miƙe.

"Baba, yarinyar ta zana duwatsun a kudu. Da an bi nata, da har yanzu suna can suna yawo a gonar rogo. Jan rubutun nawa ne. Ni na gyara musu hanya."

Babu wanda ya zage ni, da ma sun zaga. Baba Enoch ya tambaye ni tun yaushe na san takardar ta fita, na ce tun kafin girbi. Ya gyaɗa kai, ya karɓi sandarsa, ya ce taro ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi dai jikokinsa sun gama koyon taswira.

Ranar Litinin na share aji da kaina, na goge allo, na rubuta kwanan wata. Na buga ƙararrawa da ƙarfe takwas, na sake bugawa da takwas da rabi. Babu iyayen da suka turo yaro ko ɗaya. Na zauna a bencin gaba, sauran hamsin da tara a bayana, ina jin motar tifa tana juye bulon katanga a bayan tagar.